Hamstana ya cije ni har sau biyu, ko dai ya tsane ni ne?

Saƙon da wata 'yar uwa ta turo min kenan a kan hamsta, wata ƙaramar dabba dangin ɓera da ake kiwo a gida:

"Salam Anti, don Allah shawara nake nema. Yau kwana shida da na sayi hamsta, irin mai ruwan zinare ɗin nan, namiji, mai sayarwa yace bai fi wata biyu ba. Tunda na kawo shi baya fitowa, kullum yana cikin ɗan akwatinsa yana bacci, sai in ɗaga akwatin in ɗauko shi don ya saba da ni. Sau biyu yana cizona, na biyun har da jini, jiya kuma da na miƙa hannu sai ya kwanta rigingine yana wani irin ƙara. Yarinyata 'yar shekara biyar kullum kuka take a bata ta riƙe shi. Ƙawata tace kaɗaici ne ke damunsa, in sayo masa na biyu. Ni dai har na fara tunanin mayar da shi, ji nake kamar ya tsane ni. Ya zan yi?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da ciwon yatsa, nasan cizon nan da zafi wallahi, haƙoransa ƙanana ne amma shiga suke kamar allura. Ki kwantar da hankalinki, bai tsane ki ba, bai ma san ki ba tukuna balle ya tsane ki. Tsoro ne zalla. Kuma kada ki mayar da shi, kwana shida ai ko hanyar kwanon abincinsa bai gama haddacewa ba.

Ki ɗan sa kanki a matsayinsa. Halitta ce da a daji kowa abincinsa ce, mujiya ta ɗauke shi, maciji ya bi shi har rami, kuma yawancin mutuwarsa daga sama take sauko masa. Idonsa ba ya gani sosai, abinda ya ɗan yi nisa dishi-dishi yake ganinsa, da hanci da kunne da gashin bakinsa yake gane duniya. Toh yana tsakiyar baccinsa, don rana ita ce darensa, sai kawai rufin ɗakinsa ya tashi sama haske ya shigo wani ƙaton abu mai yatsu biyar ya sauko ya damƙe shi ta baya, kinga ai a ƙwaƙwalwarsa shikenan an kama shi za a cinye, abinda ya rage masa kawai haƙori ne. Wannan kwanciya rigingine da ƙarar da kika ji jiya, ƙarshen firgita kenan a wurinsu, yana ce miki ne na kai maƙura kar ki matso. Niyyarki mai kyau ce, so kike ya saba, amma wannan ɗaga akwatin shine ya jawo duk rigimar, daga yau ki daina gaba ɗaya. Akwatin nan ya zama wurin da hannu baya shiga, in yasan yana da inda zai gudu ba a bi shi ba, sai ya samu ƙarfin halin fitowa.

Maganar ƙawarki kuwa, don Allah kar ki ɗauka, na roƙe ki. Mai ruwan zinaren nan shine hamstan Siriya, asalinsa daga yankin Halab, kuma kusan duk waɗanda ake kiwo a gidaje yau jikokin wata uwa ce da 'ya'yanta da wani masanin dabbobi Israel Aharoni ya haƙo daga raminsu a 1930. A can dajin kowannensu raminsa daban, shi kaɗai yake rayuwa, ba sa haɗuwa sai don barbara su rabu. Suna ƙanana zaki gansu a keji ɗaya suna bacci kan juna sai kiyi zaton abokai ne, amma da sun kai wata biyu haka faɗa zai fara, kuma faɗan ba na wasa bane, har kashe juna suke. In kuma mace kika kawo masa, kwana 16 kacal cikinta yake, kan kice kwabo keji ya cika da 'ya'ya ke da baki gama da ɗaya ba. Baya jin kaɗaici yadda ni da ke muke ji, zamansa shi kaɗai shine jin daɗinsa.

Yanzu abinda za kiyi shine ki koma farko kamar yau kika kawo shi. Ki bashi kwana huɗu zuwa sati ɗaya ba taɓawa ba ɗauka. Ki zuba abinci, ki canza ruwa, ki janye hannunki a hankali, shikenan. Kejin ya kasance a wurin da babu hayaniya, ba kusa da talabijin ko sifika ba, ba inda rana take bugawa ba, kuma in akwai kyanwa a gidan kar ta riƙa shiga ɗakin don warinta kaɗai ya isa ya hana shi sakewa. Kar kuma kice za ki wanke kejin tas a 'yan kwanakin nan. Yana da wasu 'yan tabo baƙaƙe a kwiɓinsa hagu da dama da yake goga su jikin kaya yana barin warinsa, da haka yake gane nan gidana ne, in kika kwashe shimfiɗar duka kika wanke komai kin mayar da shi baƙo kenan a sabon wuri. Lungun da yake fitsari kawai za ki riƙa kwashewa, ranar da za kiyi babbar shara ma ki bar masa wani kaso na tsohuwar shimfiɗar ki gauraya da sabuwa.

Baki faɗa min girman kejin ba, amma bari in taɓo shi don sau da yawa hamsta mai cizo hamsta ne da ke cikin ƙunci. Irin ƙananan kejin robar nan masu kala-kala da bututu, kyau ne kawai a ido. Shi yana buƙatar fili kamar santimita 100 a tsawo da 50 a faɗi, da shimfiɗa mai zurfi aƙalla santimita 20 ta takarda marar turare don ya haƙa rami ya shige, ai mai rami ne tun asali. Tayar gudunsa ta kai santimita 28 a faɗi, in ta yi ƙarama bayansa lanƙwashewa yake in yana gudu ya riƙa jin ciwo, kuma ta zama mai shafaffen ciki ba mai sanduna ba don kar ƙafarsa ta maƙale. Ki sa masa ɗan katako na gwaguya tunda haƙoransa na gaba basa daina tsiro har ya mutu. Audugar nan mai laushi da ake sayarwa wai ta sheƙa ki guje ta, tana naɗe musu ƙafa, in suka haɗiye kuma ta toshe hanji, tishu fari da kika yayyaga ya fi ta sau dubu.

Tishun nan ma akwai dabara a cikinsa, kuma ita na fi so a duk dabarun. Ki ɗauki tishu marar ƙamshi ki sa a cikin hannun rigarki ko ki riƙe a tafin hannu na ɗan lokaci har ya ɗauki warin jikinki, sai ki yayyaga ki ajiye masa a keji. Da dare zai zo ya shinshina, ya cusa a kumatu ya kai ɗakinsa ya yi shimfiɗa da shi, kinga yanzu yana bacci cikin warinki, a wurin da yafi jin aminci. Kiyi haka kullum. Sannan duk lokacin da za ki sa hannu a keji ki wanke shi da sabulu marar ƙamshi ki ɗauraye sosai, kar ki shafa mai ko turare, don in yau hannun yana ƙamshin wani abu gobe wani, shi a wurinsa mutane daban-daban ne ke zuwa. In kuwa kin taɓa abinci baki wanke ba, toh yatsanki ya zama abinci a hancinsa, zai ɗanɗana, kuma ba da mugunta ba.

Lokaci kuma nasa za ki bi ba naki ba. Sai yamma ta yi liƙis ko bayan dare ya fara zaki ji motsinsa, ya fito yana miƙa yana hamma, ya sha ruwa, ya wanke fuska da 'yan hannuwansa. Ki barshi ya gama duk wannan tukuna. Ki rage hasken ɗakin ki zauna kusa da kejin kiyi ta masa magana ƙasa-ƙasa, ko karatu ne ki riƙa yi da ɗan sauti, ba ruwansa da abinda kike cewa, muryar yake haddacewa. Farko zai tsaya cak kamar gunki, kunnuwa a tsaye, wani lokaci har minti ɗaya ko fiye baya motsi, kar kiyi komai, sauraro yake. Ranar da kika ga kina magana shi kuma yana ta harkarsa, yana cin abinci ko gudu a taya ko kallonki baya yi, toh kin ci matakin farko.

Daga nan sai toshiya. 'Ya'yan sanfulawa ko na kabewa marasa gishiri, ɗan mitsitsin kokwamba ko karas, ko ɗan farin dafaffen ƙwai, ki gwada ki ga wanda yafi so sai ki cire shi daga kwanonsa, ya zama a hannunki kawai ake samunsa. Tunda ya riga ya cije ki kuma nasan yanzu hannunki rawa zai yi, ki fara da cokali, ki ɗora abin a kai ki miƙa ki tsaya. Bayan kwana biyu uku ki riƙe da yatsu. Bayan nan sai ki shimfiɗa hannunki a ƙasan kejin, bayan hannu a kan shimfiɗa tafi yana kallon sama, abin a kan yatsu, gobe a tsakiyar tafi, jibi can wajen wuyan hannu yadda dole sai ya tako ya hau kafin ya samu. Kar ki bi shi da hannun, kar ki rufe yatsu a kansa, hannun ya zama kamar dutse. Kuma kar ki cika masa, ƙwaya biyu uku a dare sun isa, suna da maiƙo. Albasa, tafarnuwa, cakulan, lemo mai tsami da duk wani abu mai gishiri ko sukari kuwa ko kusa da shi kar su je.

Bari in baki labarin tawa ta farko, mace ce, itama haka ta zo min a firgice. Dare goma sha ɗaya a jere ina shimfiɗa hannu tana zuwa ta fizge ƙwayar ta ruga. A dare na sha biyu sai ta ɗora ƙafa ɗaya kan yatsana, sanyi ƙalau ƙafar kamar an ɗora min ƙwayar ƙanƙara, ta ja baya, ta dawo ta ɗora biyu, gashin bakinta yana min susa a tafi, sai kawai ta hau gaba ɗaya ta zauna ta riƙe ƙwayar da hannu biyu tana jujjuyawa tana ɓare ɓawon, ɓawon yana zubowa a hannuna. Ina jin bugun zuciyarta a fatata, da sauri da sauri. Ko numfashi kasa yi nayi sosai don kar ta tashi. Da ta gama ta tura wata a kumatu, kinsan suna da jaka a kumatu irin ta gafiya da ta kai har kafaɗa, ta sauka abinta ba gudu. Ban ɗaga ta ba a daren, kuma kema ranar da naki ya fara hawa kar ki ɗaga, nasan zuciya za ta ce miki yi maza ki rungume shi, ki danne. Ki bari ya hau ya sauka ya hau ya sauka na 'yan kwanaki, sannan ki ɗaga hannun kaɗan, kamar tsayin yatsa ɗaya daga shimfiɗa, ki mayar ya sauka da kansa. Abinda yake koya shine hannun nan baya riƙe ni dole.

Idan ya kai ga ɗauka sosai, hannu biyu za ki sa ta ƙasa, kamar za ki kamfaci ruwa, yana fuskantarki yana ganin zuwanki, ba ta sama ba ba ta baya ba. Kar ki matse shi, kar ki ɗaga shi ta fatar wuya. In yana son tafiya ki riƙa sa masa hannu ɗaya gaban ɗaya yana takawa kamar matakala. Abu mafi muhimmanci, ki zauna a ƙasa. Basu san nisa ba sam, zai iya yin tsalle daga hannunki kina tsaye ba tare da ya san akwai rami a gabansa ba, kuma ƙashinsu siriri ne. Tawa ta taɓa suɓuce min daga kan kujera, tsayin da bai kai gwiwa ba, ta yi kwana biyu tana ɗingishi, har yau in na tuna sai naji ba daɗi, tun daga nan ban sake riƙe hamsta ba sai ina zaune dirshan a ƙasa.

Kafin ya kai wannan matakin in dole ta kama sai kin fitar da shi, kofi za ki yi amfani da shi. Ki kwantar da kofin a gabansa da ɗan abinci a ciki, da kansa zai shige don suna son lungu, sai ki rufe bakin da tafin hannu ko kwali ki ɗaga. Da kofin nan ma za ki iya kai shi bahon wanka busasshe, ki toshe magudanar ki shimfiɗa tawul, ki shiga ki zauna ki barshi ya yi ta hawa ƙafafunki yana sauka na minti goma zuwa sha biyar. Wasu hamstocin a cikin keji ne kawai suke cizo saboda gidansu suke karewa, da sun fito waje sai ki gansu salin-alin. Safar hannu kuwa ni bana bada shawararta sai in tsoro ya hana ki sa hannu kwata-kwata, don tana rufe warinki, kuma warin ne muke so ya sani.

Zai iya sake cizonki, gara in faɗa miki gaskiya. Amma yana bada sanarwa kafin ya yi, kunnuwa su kwanta baya, jiki ya sandare, ya riƙa kaɗa haƙora kina jin ƙas-ƙas, ko ya miƙe tsaye da hannuwa a gaba. Da kin ga haka ki janye a hankali, a bari sai gobe. Akwai kuma ɗan ɗanɗano da yake yi da haƙori mara zafi, wannan bincike ne kawai, ki ɗan zame yatsan. In ya kama da gaske, abu mai wuya amma dole, kar ki yarfe hannu, da yarfewar nan ake jefa su jikin bango su karye. Ki sauke hannun ƙasa zai saki. Kar ki daka masa tsawa, kar ki ɗalle masa hanci, baya gane horo, abinda zai gane kawai shine ashe da gaskiyata da naji tsoron hannun nan. Ciwon ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu sosai ki sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ki rufe, in ya kumbura ko ya yi ja yana zafi ko ya fara ruwa ki je asibiti, wannan na jinin ma ki duba shi yau. In kuma kina da juna biyu ki bar wa wani sharar kejin da ɗaukarsa, akwai wata cuta da dangin ɓera kan ɗauka da ke iya cutar da jariri a ciki.

'Yar taki kuma, a bata haƙuri amma ba yanzu ba. Yaro ɗan shekara biyar in yaji daɗi matsewa yake, in ya tsorata jefarwa yake, duka biyun hatsari ne ga abinda nauyinsa bai wuce giram ɗari da 'yan kai ba. Sai dai kar ki kore ta daga harkar, ki bata aikinta, ita za ta yayyaga tishu, ita za ta ƙirga ƙwaya uku ta ɗora a cokali, ta zauna kusa da ke ta yi masa waƙa a hankali. In ya saba da hannunki sosai, sai ta zauna a ƙasa ki riƙe shi ke ta shafa bayansa da yatsa ɗaya, daga baya ya taka cinyarta kina wurin. Ta wanke hannu kafin da bayan nan, kar ta sumbace shi, kuma ki tabbata ƙofar kejin ba wadda za ta iya buɗewa bane in kin juya baya, don yara da rana suke son wasa, daidai lokacin da shi kuma yake bacci.

Wani abu da nake so ki sa wa ido sosai a satin nan, saboda shekarunsa da kuma firgitar da ya sha. Ƙananan hamstan Siriya suna kamuwa da wata muguwar gudawa da damuwa ke taso da ita, za ki ga gindinsa da wutsiyarsa a jiƙe da ƙazanta, yana wari, ya takure ya daina ci, gashinsa a hargitse. Tana iya kashe shi cikin kwana biyu, don haka in kin ga alama ko ɗaya ki kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, kar ki tsaya gwada magani a gida. Ciwo ma kansa yana sa cizo, hamstan da ya saba lafiya lau sai ya fara cizo rana ɗaya, a duba lafiyarsa tukuna. Zafi ma yana musu illa, sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, in ɗakin ya ɗau zafi ki sa masa ɗan tayil ko kofin tangaran ya kwanta a kai. Kuma kar ki taɓa yi masa wanka da ruwa, ɗan kwano da yashi mai tsabta mara ƙura ya ishe shi, zai yi birgima a ciki ya fito fes.

Kwana nawa zai ɗauka? Wani sati biyu, wani wata ɗaya, wani sai ya kai wata biyu ko fiye, kuma naki zai iya ɗan jinkiri tunda sai ya manta da ɗaga akwatin nan tukuna. In wata rana kika ga ya koma baya, jiya ya hau yau ya ƙi, ki koma matakin da ya gabata kawai ba komai. Akwai kuma waɗanda har ƙarshen rayuwarsu, shekara biyu zuwa uku ce dama, basa son a daɗe ana riƙe su, za su hau hannu su karɓi abinsu su ɗan zagaya su nemi sauka, in naki haka yake ki karɓe shi a haka, ni ina ganin dabbar da ta fito da gudu don taji muryarki ta riga ta baki abu babba.

Daren yau dai ki sa tishun a hannun riga tun yanzu, ki ajiye masa kafin ya tashi, ki zauna minti goma ki masa magana hannunki a cinyarki. Bayan sati biyu ki sake rubuto min ki faɗa min girman kejin da na tayar, da inda kuka kai da cokalin.